'Yan Kokawar da Baffa Sale Ya Ƙi Sallama

Har yau in aka zauna a gidanmu na Jiwa aka tuno gidan gem ɗin Baffa Sale, magana ɗaya ake yi: bakin Iya ne ya kashe shi. Wai tsohuwa ce ba ta son abin zamani, wai haushi take ji yara sun bar tatsuniyarta sun koma gaban talabijin, shi ya sa ta yi wa sana'ar ɗanta baki. Mamana ta faɗa, maƙwabta sun faɗa, har matar Baffan, wadda ba a ma auro ta ba a lokacin, tana faɗa kamar a gabanta aka yi. To ba haka ba ne. Ni ina wurin, su ba sa nan. Kuma na gaji da jin ana ɗora wa matar da ke kabari abin da ba ta yi ba, don haka zan faɗa sau ɗaya in huta.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, Abuja na cin siminti dare da rana. Duk wanda ya samu aiki a cikin gari ya kasa kama haya a can, sai ya gangaro wajenmu. Gonakin da muke tsallakawa zuwa makaranta, yau ka ga doya, wani watan ka ga ɗakunan haya. Babanmu direba ne a wata ma'aikata, daga Zariya ya taho da mahaifiyarsa, Iya, da ƙaninsa Sale, autanta. Unguwa ta cika da yara, Hausawa da Gbagyi da Ibo da Yarbawa, kowa da irin Hausarsa.

Baffa Sale ya ga yaran nan, sai ya fasa wa ɗakin bakin ƙofarmu wata ƙofa ta waje. Ya sa talabijin biyu masu ƙatuwar ƙeya, benci uku, da baƙar na'ura mai cin kaset. In kaset ya ƙi kamawa sai a zare shi, a hura masa iska da baki, a mayar. Dokar ɗakin ɗaya ce: wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. Hannu shi ne abin da ake riƙewa ana dannawa. Gem ɗin da aka fi so na faɗa ne tsakanin ƙarti biyu. Suna da sunayensu a rubuce da Turanci, ba wanda ya damu ya karanta. Yara suka raɗa musu Sanƙo da Jan Wando, haka suka bi su.

Mata ba sa shiga. Ni shara kawai ke kai ni ciki da safe, amma daga bakin ƙofa na haddace duk dannawar da suke yi.

Iya kuwa tana waje, 'yan taku kaɗan daga ƙofar shagon, da murhunta na gawayi. Daga an idar da magariba take gasa masara, in ba lokacinta ba ne ta gasa doya, har a kira isha'i. Ina jin ƙanshin har yanzu, da yadda garwashi ke haska rabin fuskarta ya bar rabi a duhu. In an ɗauke wutar lantarki, yaran shagon sai su kwararo waje su zagaye ta, masu zagin juna ɗazu su lafe kamar ba su ba. In aka dawo da ita kuwa, ihu ɗaya za su yi su watse, su bar ta da kalma a baki.

Ga inda masu cewa haushi take ji suka ɓata. Dariya take yi. Na taɓa ce mata, "Iya, ba su da kunya, ki daina ba su labari."

Ta ce, "Rabi sarkin zafi. Kasuwa ce. Na Sale yana motsi a gaban ido, nawa sai mutum ya haɗa da kansa. Da ni yarinya ce, da can zan ruga."

Har rage tsawon labaranta ta yi saboda su, ta koyi saka abin tsoro tun da wuri don wanda zai gudu ya gudu da shi.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi. Iya ba ta fara labari yadda sauran tsofaffi ke farawa. Cewa take, "Na buɗe ƙofa." Mu ce, "Su shigo." In ta gama kuma sai ta kira duk wanda ya fito a labarin da sunansa, mutum ne ko dabba ko abin da ba a ambata, ta ce, "Wane, an gode, koma inda ka fito." Sannan ta tsoma yatsu a kofin ruwa ta yarfa wa garwashi, ya yi cuu. Ko yara sun watse, ko ni kaɗai na rage ina hamma, sai ta kai labarin ƙarshe ta sallami kowa. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ke za ki kira mutane gidanki, ki shige ɗaki ki bar su a tsakar gida? In ba ki ce su tafi ba, zama za su yi."

Wata rana Baffa ya tafi masallaci ya bar shago a buɗe, ba kowa ciki. Iya ta ɗaga kai daga masararta ta tsaya cak. Na bi idonta. A talabijin, Sanƙo da Jan Wando suna ta dukan juna, hannuwan gem kuma suna yashe a kan benci.

Ta ce, "Wa ke riƙe da su?"

Na ce, "Ba kowa, Iya. Haka suke yi in an bar su."

"Su kaɗai?"

"Su kaɗai."

Ta daɗe tana kallo. Masara ta ƙone a gefe ɗaya ba ta juya ba. Can ta ce, "Sale ya san haka, yake tafiya ya bar su?" Daga ranar in za a rufe shago sai ta aike ni da tsohon zaninta in lulluɓe talabijin ɗin.

Sai Oga Sunday ya zo. Ya kama shago a bakin titi, ya kawo na'ura mai cin faifai. Ƙwallo ake bugawa a cikinta, 'yan wasan kamar mutanen gaske, har da wani Bature a ciki yana ihu in an ci. Ga shi da janareta. Cikin sati biyu bencin Baffa ya fara sanyi. Na je sayen maggi na leƙa, Oga Sunday ya gane ni, ya ce, "Yarinya, ka gaya ma kawu naka, wannan kaset ya mutu. Ko a Legas ba a kawo shi kuma. Ya zo ni nuna masa inda ana saya sabo." Mutumin ba mugu ba ne, da gaske yake.

Na kai saƙo. Baffa ya yi tsaki. "Yayi ne, zai wuce. Faifai? Abin da ƙwarzane ɗaya ke kashewa? Kaset ɗina ko a ƙasa ka buga shi, ka hura, ya tashi. Za su dawo."

Ba su dawo ba. Kuma tunda janareta ba ya jiran kowa, ko an ɗauke wuta ba sa zuwa wajen Iya. Kasuwa biyu Oga Sunday ya kwashe a lokaci guda, ta uwa da ta ɗa. Iya ta ci gaba da gasa masararta tana sayar wa leburori masu dawowa daga gini. Baffa kuwa sai ya fito da dabara: ya ƙure ƙarar talabijin, ya bar Sanƙo da Jan Wando suna faɗansu su kaɗai tun safe, wai in yara suka ji ƙara za su ɗauka akwai mutane ciki. Ya hana ni lulluɓewa. Shi kuma ya zauna a bencin gaba yana jira.

A cikin wannan halin ne Iya ta ba mu labarin. Mu uku ne a gaban murhu, ni da ƙanwata Ummi da wata 'yar maƙwabta. Ƙofar shago a buɗe, muna hango bayan Baffa da shuɗin hasken da ke rawa a bango.

"Na buɗe ƙofa," in ji Iya, da ƙarfi fiye da yadda ta saba.

Muka ce, "Su shigo."

Wai a wani gari a gindin dutse an yi wani mutum, Tanko, ba shi da gona ba shi da sana'a. Wata rana ya hau dutsen neman itace, ya tarar da wata tsohuwa zaune a bakin kogo da 'yan gumaka biyu na itace, kowanne bai wuce tsawon damtse ba. Ta ajiye su a ƙasa ta tafa hannu, sai suka kama kokawa. Ta ce ya ɗauka, kyauta. "Amma ka ji. Ba sa cin tuwo, ba sa shan ruwa. Ido suke ci. In mutane ɗari na kallonsu, kowa ɗan kaɗan za a ɗiba daga nasa, ba zai ma ji ba. Ranar da masu kallo suka ƙare, ka ce musu an gode, ka dawo mini da su. Kada ka kwana."

Tanko ya kai su kasuwa. Gari ya taru, ana ba shi gero da gyaɗa, ya yi ƙiba ya yi riguna. Sai ga wani baƙo da ƙwarya cike da ruwa. In ka leƙa ciki sai ka ga jiragen ruwa na tsere a wani kogi da ba ka taɓa gani ba, har ka ji ihun masu tuƙi. Gari ya koma can. Tanko ya ce za su dawo. Ya mayar da 'yan kokawarsa ɗaki ya bar ƙofa a buɗe, ya tafa musu, don a ji ƙarar itace na gwaruwa a leƙo.

Nan Iya ta sassauta murya, har sai da muka matso.

"Ba wanda ya leƙo. Su kuma yunwa suke ji. Abin da mutum ɗari ke bayarwa, yanzu ido biyu ne za su biya. Tanko ya ce bari in kalla kaɗan kafin mutane su zo. Ya kalla. Rana ta faɗi, ya ce bari su gama wannan zagayen. Da ya zo tashi sai gwiwarsa ta ce ƙas, irin ƙarar busasshen reshe. Ya ce zama ne. Washegari wuyansa ya ƙi juyawa. Ya ce sanyi ne. Aka kawo masa abinci, ya ce a ajiye. Aka kira sunansa, ya ji kamar sunan wani ne."

Ummi ta damƙe min hannu. Daga cikin shago muna jin tum, tum, Sanƙo na dukan Jan Wando.

"Da shiru ya yi yawa, maƙwabta suka shiga. Ga rigarsa a ƙasa, ga hularsa. A tsakar ɗaki gumaka biyu na kokawa. A gefe kuma ga na uku, ɗan ƙarami, a zaune, ya ɗora hannu a gwiwa. Ba ya kokawa shi. Kallo kawai yake."

Muryar Baffa ta fito daga shago, bai ko juyo ba. "Iya, da ni kike?"

"Ni da jikokina nake, Auta. Kai ai kana da baƙi."

Ni da ba na iya riƙe tambaya na ce, "To shi mai ƙwaryar fa? Shi ke nan ya ci?"

Ta ce, "Na ɗan lokaci. Shi ma wani ya zo da abin da ya fi nasa. Kullum wani na tafe, Rabi. Sai dai shi da ya ga an daina leƙawa, ya zubar da ruwansa, ya kife ƙwarya, ya bi sabon ya ce koya mini."

Ta sallami tsohuwar kogo, ta sallami mai ƙwarya, ta sallami gumaka biyu. Da ta zo kan Tanko sai ta tsallake shi. Ta yarfa ruwa a garwashi ba ta kira shi ba. Na ce, "Iya, kin manta ɗaya." Ta ce, "Ban manta ba. Bai tashi tafiya ba tukuna." Ranar ban yarda na wuce ta ƙofar shago ni kaɗai ba.

Bayan kamar kwana goma aka ba ni tuwon Baffa in kai masa, ana gab da kiran isha'i. Na yi sallama, shiru. Na shiga. Na rana yana nan a rufe inda aka ajiye. Yana zaune a bencin gaba, hannun gem a kan cinyarsa, amma yatsunsa ba sa kai, suna kan gwiwa. Sanƙo ya yi tsalle, kan Baffa ya ɗaga. Jan Wando ya faɗi, kansa ya sunkuya. Idonsa ko ƙiftawa ba ya yi, ruwa na gangarowa ta gefe bai share ba.

Na ce, "Baffa." Na sake cewa, "Baffa Sale!"

Ya juyo a hankali, ba wuya kaɗai ba, da kafaɗa gaba ɗaya. Ya dube ni kamar yana neman inda ya san ni. Ya ce, "Layi za ki bi. Wanda aka ci zai miƙa."

Ba kowa a ɗakin. Na saki kwano na ruga.

Iya ba ta taɓa taka shagon nan ba tun da aka buɗe. Ranar ta tashi da kofin ruwanta a hannu, ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar za ta shiga ɗakin manya. Ina bayanta, maƙwabta biyu da suka ji faɗuwar kwano suna leƙe. Ta tsaya tsakanin Baffa da talabijin. Ta ce, "Rabi, ya sunansu?" Na faɗa mata. Ta dubi gilashin ta ce, "Sanƙo, an gode, kun ciyar da mu, koma inda ka fito. Jan Wando, an gode, koma inda ka fito." Ta kama wayar da ke bango ta fizge. Wani abu ya yi tartsatsi, ɗaki ya yi duhu, ƙaurin roba ya tashi. Sai na ji ta yarfa ruwa, ba a kan na'ura ba, a fuskar ɗanta. Ta ce, "Tanko, tafi. Sale, taso."

Da ya miƙe, na rantse da Allah na ji gwiwarsa ta ce ƙas. Ku ce zama ne, ban hana ku ba.

Na'urar ba ta sake tashi ba. An hura, an buɗe, an kai wa mai gyara. Abin da maƙwabta suka gani ke nan suka yaɗa: tsohuwa ta shiga, ta yi surutai, ta watsa ruwa, kaya ya mutu. Ba wanda ya ce shagon ya yi wata biyu da mutuwa kafin ta shiga. Baffa ya yi sati uku ba ya gaishe ta da kyau. Daga baya wani abokin Babanmu ya kai shi Apo wajen masu gyaran wayar mota, tunda hannunsa ya saba da liƙa wayoyin hannun gem. Yau yana da rumfarsa, da furfura, da ciki. In aka yi zancen sai ya yi dariya ya ce Iya ta ƙona masa jari, amma ban taɓa ganin ya zauna gaban talabijin ya wuce labarai ba.

Oga Sunday ma nasa ya zo. Aka fito da wata na'urar, wani ya riga shi kawowa. Ya sayar da tasa ya buɗe gidan kallon ƙwallo, ya wuce abinsa.

Na daɗe ina ɗauka labarin Tanko na Baffa ne shi kaɗai. Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba, na ce ni zan yi abin da aka hana ni shiga. Iya ta riga ta rasu. Na sake buɗe ɗakin nan, na sa talabijin huɗu shafaffu, da na'urorin da ake yayi. Maza suka zo don su ga macen da ke cin su ƙwallo, na kuwa ci su. Na sa doka mata su shiga. Shekara huɗu layi har waje.

Yanzu layin na nan, amma a waje ya tsaya. Suna zama a dakalina, kowa ya sunkuya kan wayarsa, suna harbin juna da wasu yaran da ke wata ƙasa. Ba sa biyan kowa don su shiga, ba wanda ke miƙa hannu ga wani. Abin da suke nema wajena ɗaya ne: "Anti Rabi, a taimaka da caji." Na ce musu gilashin da bai kai tafin hannu ba, shi ne gem? Na ce ido zai yi musu ciwo su dawo. Da bakina na faɗa, ban ji muryar wa nake yi ba.

Ran Talatar da ta wuce na haɗa na'ura da na'ura su buga ƙwallo su kaɗai, na ƙure ƙara, don na waje su ji ihu su shigo. Na zauna a bencin gaba bayan la'asar, na ce bari in ga wa zai ci. Abin da na sani kuma shi ne Ummi na girgiza kafaɗata. Ta ce sau huɗu ta kira sunana, an yi magariba tuni. Hannuwana na kan gwiwa. Na miƙe, sai na ji ƙas.

Ummi ta dube ni, na dube ta. Tare muka ji labarin Tanko.

Ba na cewa aljanu ne a cikin na'ura. Na yi makaranta, na san waya ce da lantarki. Iya ma ban jin ta ɗauka gumaka na cin ido. Abin da ta sani shi ne mutum na iya zama gadin abin da ya ƙare har ya ƙare tare da shi, yana ce wa kansa haƙuri yake yi. Ta rasa masu sauraronta a wata guda da Baffa, ba ta zauna jiran kowa ba, ta juya masararta ta fuskanci leburori. Kuma yanzu ba ta nan balle ta shigo ta tsaya tsakanina da gilashi.

Na kira Baffa na gaya masa. Ya ce, "Ki zare a hankali, kada ki fizga irin na Iya. Naki za su sayu." Ya ce akwai wata mata a kasuwa da ke gyaran wayar hannu, tana neman mai hannu, zai kai ni.

Jiya bayan magariba na shiga shago, na cire takalmi a bakin ƙofa. 'Yan ƙwallon sun yi yawa, ban san sunan kowa ba, don haka a dunƙule na yi musu. Na ce an gode, kun ciyar da ni shekara huɗu, ku koma inda kuka fito. Na kashe su ɗaya bayan ɗaya, na naɗe wayoyi. Gobe Asabar Baffa zai zo da mota mu kai su kasuwa. Benci da soket za su zauna, Ummi za ta kula da masu caji. Ni kuma Litinin da safe zan je wajen matar nan in ce mata koya mini.